Alkyabbar Dakta: A Tambayi Ɗalibai Wa Ya Cancanta

Lokacin bikin yaye ɗalibai ya sake zagayowa, kuma ko ban ga katin gayyata ba na san waɗanda za a yafa wa alkyabbar dakta: tsohon gwamna, attajirin da ya yi alƙawarin gina ɗakin taro, sai wani mai rawani don dandali ya yi kyau. Tun 2012 shugabannin jami'o'in Najeriya suka zauna a Keffi suka amince a daina bai wa masu riƙe da muƙamin siyasa digirin girmamawa. Mai halartar bukukuwan nan ya san inda maganar ta kwana. Ni waɗanda ba a taɓa kira ba su ne damuwata, wato mutanen da suka tallafi ɗan talaka har ya kai ga sa rigar kammalawa.

A Khartum na yi karatu, a Jami'ar Afirka, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1992. Yawancinmu 'yan Arewa 'ya'yan malaman zaure ne da ƙananan 'yan kasuwa. Jami'a ta ba mu aji da gado, amma ofishin walwalarmu na gaskiya yana Suk al-Arabi, kasuwar da ta kewaye babban masallacin birnin. Can akwai wani dattijo mai agashe, jikan Hausawan da suka taso za su Makka a ƙasa suka yada zango a Sudan. Hausarsa ta tsufa, irin ta kakanninmu ce. Rumfarsa ita ce gidan wayarmu, ita ce bankinmu. In kuɗin gida ya makale, shi zai ranta maka na rajista ba takarda ba shaida, ya ce, “Yaro, je ka yi karatu, sai sun aiko.” Kusa da masallaci akwai mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa, wanda ke ba ɗalibi aron littafin nahawu ko na likitanci ya kwana da shi ya dawo. Sai mata masu shayi a kan 'yan kujerunsu. Na san wadda kullum ke zuba wa ɗaliban Darfur da na Dutsen Nuba shayi da madara bashi, alhali ita ma da wannan butar take biya wa 'yarta jami'a. Ga kuma kamen hukuma, wanda suke kira kasha, a zo a kwashe tukwane da kofuna a bar mace da gawayi.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mata, Awadiya Mahmud Koko, ita ta haɗa masu shayi da masu abinci na Khartum cikin ƙungiyar gama-kai. A 2016 aka kira ta Amurka aka ba ta lambar yabo ta jaruman mata. Abin ya yi min daɗi, ya kuma sa ni kunya a madadin masu ilimi, don kamata ya yi a ce jami'a ce ta riga kowa ganin ta.

Ƙetaren kogi, a Omdurman, akwai darasin da ya fi wannan tsufa. Babikir Badri sojan Mahadi ne da ya tsira daga yaƙin Karari na 1898. A 1907 ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa a garin Rufa'a da yara 17, tara daga ciki nasa ne, lokacin da jama'a ke ganin hakan abin kunya. Ɗansa Yusuf Badri ya ɗora a kai, ya buɗe kwalejin Ahfad ta mata a Omdurman a 1966 da ɗalibai 23, ta zama jami'a a 1995. Karramawar da aka yi wa Babikir ta gaske ita ce ba a bar ƙofar da ya buɗe ta rufe ba, har 'yan mata daga karkara da yankunan yaƙi suka riƙa shigowa.

Za a ce jami'a na buƙatar kuɗi, kuma mai kuɗi ke gina ɗakin kwana. Gaskiya ne, a gode masa, a rubuta sunansa a jikin ginin da manyan baƙaƙe. Amma bulo daban, riƙon amana daban. Magatakardan da ya ɓata yini yana neman takardun marainiya don kada a cire sunanta, malamar da ke karanta wa makaho darasi bayan an tashi, mai gidan haya a Samaru da ke ɗaga wa ɗalibi ƙafa zango guda, su ne ke rage tazara tsakanin ɗan wane da ɗan kowa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya watsa Suk al-Arabi. 'Ya'yanmu da ke karatu can an kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, aka dawo da su gida. Malamansu kuwa da yawa suna gudun hijira. Muna da bashi a wuyanmu, domin a 1934 malaman Sudan irin su Shehu Bashir al-Rayyah ne suka zo Kano suka kama makarantar horar da alƙalai, kuma a Bakht al-Ruda ta Sudan Malam Abubakar Gumi ya ƙaro ilimi. Jami'ar da ta ɗauki malami ɗan Sudan aiki a yau ta fara biya.

Roƙona ga majalisun jami'o'inmu bai da tsada. Kafin bikin bana, a raba wa 'yan ajin ƙarshe takarda, kowa ya rubuta sunan wanda ba don shi ba da ya bar karatu. Wanda sunansa ya fi fitowa, ko masinja ne ko mai ƙosai a bakin get, a kira shi dandali gaban iyaye, sannan a ɗauki nauyin ɗalibi talaka guda kowace shekara da sunansa.