Matasan Suleja, Ku Koyi Ɗinka Wa Kwamfutarku Riga Daidai Jikinta



Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke hannun yaranmu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Kada mu jefar da su. Mu sa musu Linux, mu kuma koyi harhaɗa zuciyarsa da kanmu.

Wannan zuciya, wato kanel, ita ce ke sulhu tsakanin ƙarfen kwamfuta da manhajojin da ke kanta. Wadda ke zuwa a shirye kamar rigar kanti ce, an ɗinka ta don kowa. Idan ka sauko da ita kyauta daga kernel.org, ka cire direbobin da injinka ba ya buƙata, ka zama telan kanka.

Gaskiya saurin da za ka ƙaru da shi kaɗan ne. Ribar ita ce ilimi. Linus Torvalds ɗalibi ne a Helsinki sa'ad da ya fara Linux a 1991, yau kanel ɗinsa ne ke cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu. Garin da ya fitar da Ladi Kwali bai kamata 'ya'yansa su tsaya a saye kawai ba.

Shawara biyu: ka cika batir kafin ka fara, don aikin kan ɗauki awanni kuma wuta ba ta da alƙawari. Sannan kada ka goge tsohon kanel sai sabon ya tashi lafiya.

Allah Ya yi wa matasanmu albarka.