Tsakanin ask da aks: darasi ga masu raina karin Arawa

A bara wani ɗalibi ɗan Matankari ya yi tambaya a aji da Ingilishi, ya ce aks maimakon ask, sai aka fashe da dariya. Bai ƙara ɗaga hannu ba har zangon karatu ya ƙare. Ni kuwa ina ganin masu dariyar ne ba su san tarihin kalmar ba.

Aikatau ask ya samo asali daga tsohon Ingilishi, inda yake da siffofi biyu, ascian da acsian, duka ana rubuta su. Ma'anarsa ta farko ita ce nema ko buƙata, kamar danginsa heischen na Jamusanci da eisen na harshen Holan. Shi ya sa har yau yake ɗauke da abin da Hausa ta raba biyu, wato tambaya da roƙo, kamar yadda demander yake yi a Faransanci. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da axe, haka ma fassarar Baibul ta Coverdale ta 1535. Daga baya ne daidaitaccen Ingilishi ya tsayar da ask, aka mayar da ɗan'uwansa abin gori, musamman a bakin baƙar fatar Amurka.

Wannan musayar gurbi ce, kuma Hausa ta san ta: hawainiya da wahainiya, bagaruwa da gabaruwa, gauraya da garwaya. Babu wadda ta fi wata a ma'aunin ilimin harshe. Daidaitawa zaɓi ne na masu mulki da masu ɗab'i, kamar yadda aka gina daidaitacciyar Hausa bisa karin Kano.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, za a rubuta littattafan makaranta masu yawa. Yaron Dogondutsi ko Tibiri da ke cewa tahi da ɗiya zai tarar da tafi da 'ya a shafi. Ba laifi ya koye su, domin rubutu yana buƙatar ƙa'ida ɗaya. Laifin shi ne malami ya ce masa Hausar gidansu gurɓatacciya ce.

Aikinmu, mu ɗaliban ilimin harshe, shi ne mu shiga ƙauyukan Arewa da na'urar ɗaukar murya, mu taskace karin Arawa, mu kuma nuna wa masu koyarwa cewa bambanci daban, kuskure daban. Yaron da aka yi wa dariya kan furucinsa yakan daina tambaya, wanda ya daina tambaya kuwa ya daina koyo.