Jirgin Mubarak, Air Beetle da Zauren da Muka Rasa

A watan Oktoba na shekarar 2007 kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya baza wani labari daga Kano wanda ya zaga duniya cikin 'yan kwanaki. Wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, mai shekara 24 a lokacin, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a harabar gidansu. Injin na tsohuwar mota ce ƙirar Honda Civic, kujerun daga Toyota ya ciro su, wasu sassan kuma daga ɓaraguzan wani Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano a shekarun baya. Wata takwas ya yi yana aikin, da kuɗin da yake samu daga gyaran kwamfuta da wayar salula. Jirgin ya ɗaga sau kaɗan, bai kuma wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba.

Mun yi tafi, mun ɗauki hotuna, sannan muka koma harkokinmu. Shi kuwa Mubarak daga bisani ya samu tallafin karatu zuwa Ingila a fannin kula da jiragen sama. Tun daga lokacin kusan kowace shekara sai an nuno mana wani matashi a wani gari da ya haɗa abin da ya kira jirgi, a yaba masa na kwana biyu, a manta. Abin tambaya a nan shi ne: me wanda ya zo a baya ya koya daga wanda ya gabace shi? Amsar mai ɗaci ce. Kowannensu daga tushe yake farawa, shi kaɗai, yana maimaita kurakuran da wani ya riga ya yi. A ra'ayina basira ba ita muka rasa ba, kuma kuɗi ma ba su ne babbar matsalar ba. Abin da muka rasa shi ne zaure, wato wurin da masu wannan sha'awa za su riƙa haɗuwa, kowa ya baje abin da ya gwada, da inda ya yi nasara, da inda ya sha ƙasa.

Tarihin tashi sama shi kansa shaida ne. Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgi mai inji a 1903, masu gyaran keke ne. Amma tun 1899 Wilbur ya rubuta wa cibiyar Smithsonian yana neman duk abin da aka wallafa kan batun, a 1900 kuma ya fara musayar wasiƙu da injiniya Octave Chanute. Sun yi amfani da alƙaluman Bajamushe Otto Lilienthal, wanda ya rasu a 1896 bayan ya faɗo da jirginsa marar inji. Da suka ga lissafin bai yi daidai da abin da suke gani ba, sai suka haɗa akwatin gwajin iska a 1901 suka sake awo. Da Lilienthal bai rubuta abin da ya auna ba, da ba su samu abin gyarawa ba.

A Amurka an mayar da wannan musayar ilmi al'ada. A 1953 Paul Poberezny da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida, EAA, a birnin Milwaukee. Tun 1970 take taronta na shekara a garin Oshkosh, inda jirage wajen 10,000 kan sauka a mako guda. Amma ƙarfinta yana ga ƙananan rassanta na garuruwa, inda gogaggun masu ƙira ke zuwa su duba aikin sabon shiga kyauta, su nuna masa waldar da ba ta kama ba da noti marar kariya, tun kafin a rufe jikin jirgin. Doka ma ta ba su gurbi: idan mutum ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, don ilmi ko nishaɗi, ana duba jirgin a ba shi takardar gwaji, sannan ya yi sa'o'i 25 ko 40 yana gwada shi a keɓaɓɓen yanki kafin a yarje masa ɗaukar fasinja.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan masu kuɗi ne da bai shafe mu ba. Jirgin Air Beetle, wanda Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta horar da sababbin matuƙa da shi shekaru da dama, an samo shi ne daga ƙirar RV-6A ta Richard VanGrunsven, mutumin da ya fara da gyara ƙaramin jirgi don sha'awar kansa. A Kaduna aka haɗa Air Beetle, samfurin farko ya tashi a 1989, aka kuma samar da wajen 60. Wato gwamnatinmu ta sa kuɗi ta sayi abin da zauren masu sha'awa na wata ƙasa ya haifa, alhali nata 'ya'yan masu irin wannan sha'awa ba su da ko benci da za su zauna su tattauna. Da lokacin maye gurbinsa ya yi, sai aka nufi Pakistan a 2016 aka yi odar Super Mushshak guda 10.

A nahiyarmu ma akwai misali. A 2019 wasu matasa 20 'yan makaranta a Afirka ta Kudu suka haɗa jirgi ƙirar Sling 4 cikin mako uku, daga sassan da kamfani ya tanada, ƙarƙashin kulawar ƙwararru, aka kuma tuƙa shi daga Cape Town har Alƙahira. Waɗannan yara ba su fi Mubarak kaifin ƙwaƙwalwa ba. Sun dai samu manya a gefensu.

Akwai masu cewa ƙarfafa wannan harka gayyato mutuwa ne, kuma a ƙasar da tsaro ya taɓarɓare bai kamata a bar kowa ya saki abu a sararin sama ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ko a Amurka, binciken da hukumar bin diddigin haɗurran sufuri ta fitar a 2012 ya nuna cewa lalacewar inji da kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi su ne kan gaba a haɗurran jiragen da aka ƙera a gida, kuma tashin farko yana da hatsari na musamman. Sai dai wannan hujja ce ta kafa zaure. Jirgin Mubarak ba shi da na'urar auna nisa daga ƙasa, kuma ƙa'idojin tuƙi a intanet ya karanto su. Matashin da aka yi wa dariya ko aka tsorata ba ya daina aikin, ɓoyewa yake yi, ranar da zai gwada kuma babu mai ce masa dakata. Wanda ke cikin ƙungiya mai rajista kuwa an san sunansa, an san inda yake, an san abin da yake haɗawa.

Kayan gina wannan zaure suna nan a hannunmu. A Kano jirgi ya fara sauka a ƙasar nan, a Nuwamban 1925. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya tana nan tun 1964, Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama tana Kaduna, kuma garuruwan nan cike suke da injiniyoyi da matuƙa da suka yi ritaya. Ga masu walda da maƙeran Panteka, ga dillalan kayan gyara na Ƙofar Ruwa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su. Kwalejin Zariya za ta iya buɗe ƙofarta sau ɗaya a shekara ga masu ƙirar gida, kowa ya zo da aikinsa ko zanensa, a duba, a faɗa masa gaskiya. Ita kuwa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama sai ta fito da bayani a sauƙaƙe kan matakan da mai ƙira zai bi, da filin da zai yi gwaji. A fara da ƙananan jirage marasa matuƙi da marasa inji, inda kuskure ke cin kuɗi kawai.

Wajibi ne kuma a rubuta, da harshen da mai walda ke ji. Yaron da ke haɗa jirgin kara a Kajiji ko Boɗinga ba zai je Oshkosh ba, amma zai karanta ɗan littafi na Hausa da ya bayyana masa yadda fiffike ke ɗaga nauyi, da dalilin da ya sa injin mota ke yi wa jirgi nauyi. Malamanmu na jami'a, na injiniya da na harshe, muna da bashin wannan aiki a wuyanmu.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan jinka ta gagari hannu ɗaya, ina ga jirgin sama? Allah Ya sa masu faɗa a ji su ji.