A Duba Allo Kafin A Sayo Ram

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015, tilas ɗan Sifawa da ɗan Shagari su saba da na'urar, ko da tsohuwar kwamfutar tebur ce. In ta fara nawa kuwa, mu ɗalibai ake aika Sakkwato sayo ƙarin ƙwaƙwalwa, watau ram, tunda mu ne 'yan boko. Mai shago yawan gigabait zai ambata, ya miƙo hannu.

Haƙiƙa wannan bai isa ba. Ram irin DDR3 haƙora 240 gare shi, DDR4 kuwa 288. DDR5 ma 288 ne, amma giɓinsa ba wuri ɗaya yake ba, kuma kowane gurbi a babban allon kwamfuta iri guda yake karɓa. Wanda ya danna da ƙarfi, gurbin zai karya. Na laftof gajere ne, bai shiga sam.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu hau mota a Boɗinga, mu buɗe akwatin, mu kwafi sunan allon, mu binciki iyakar gigabait da yake ɗauka, mu tafi da tsohon ram ɗin a aljihu. Kuɗin nan fa na gero ne da albasa, kuma ba kowane mai shago ke karɓar kayan da aka fitar ba.