Ƙaryar Anti Bee

Hanna Alkaf, 'yar ƙasar Malesiya, ta rubuta littafi mai suna The Weight of Our Sky a kan tarzomar 13 ga Mayu, 1969, tsakanin ƙabilar Malay da Sinawa a Kuala Lumpur. A cikin labarin, 'yan daba sun ritsa Melati da ƙawarta Saf a gidan silima. Sai wata Basiniya, Anti Bee, ta ce ai Melati ba Malay ba ce, ta fid da ita. Wasu za su ce ƙarya ƙarya ce. Ni kam ban ga laifin baiwar Allah nan ba. Saf ce ta tsaya mini a rai, don an bar ta a ciki, ba ta sami mai yi mata ƙaryar ba.