Hunturun Biritaniya: Kada Ɗalibi Ya Ƙule A Ɗaki

Kowace shekara, in watan Satumba ya kama, waɗansu 'yan'uwanmu sukan tashi zuwa jami'o'in Biritaniya don ƙaro ilmi, waɗansu ɗalibai, waɗansu kuwa ma'aikatan gwamnati da aka ba hutun karatu. Akan cika musu akwati da kuka da kuɓewa da yaji, a yi ta ja musu kunne a kan sanyi. Mu dai a ganinmu wannan gargaɗi bai taɓo inda gizo ke saƙa ba. Sanyi yana da magani a kanti. Abin da ke karya ɗalibi a can shi ne duhu da kaɗaici.

Mu ɗauki birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan misali. Ran 21 ga Disamba rana takan fito wajen ƙarfe 8:40 na safe, ta faɗi wajen 3:40 na yamma, watau hasken yini awa 7 ke nan, alhali kuwa a Kano ya haura awa 11. Azahar da La'asar da Magariba duk sukan auku cikin awa huɗu, ɗalibi yana tsakiyar lacca. Mu da muka tashi muna auna lokaci da hantsi da la'asar sakaliya, in aka ɗauke mana rana sai lissafi ya rikice. Mutum ya kwana yana hira da gida ta waya, ya yini yana barci, lacca ta wuce shi, aikin malamai ya taru. Sannu a hankali sai kasala da ƙuncin zuciya su shigo, kuma likitocin ƙasar sun san wannan lalura ta hunturu sarai, suna da hanyoyin magance ta.

To, ina mafita? Da farko dai agogo ya maye gurbin rana. A tsai da lokacin kwanciya da na tashi, a riƙe su kamar farilla. A fita waje da tsakar rana ko da sama ta yi gajimare. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba kowa shawara ya sha bitamin D, makirogiram 10 kullum, daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata irinmu kuwa shekara duka, domin hasken can ba ya isar jikinmu. Wajen tufafi, riguna uku marasa kauri, wata bisa wata, sun fi guda mai nauyi riƙe ɗumi. A riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kullum, in ba haka ba danshi ya kama bango, ƙirji ya biya bashi. Sa'an nan kada a wahalar da iyaye da ƙunshin kilishi da man shanu, don doka ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Garin shinkafa ko na semo yana yin tuwo, naman halal kuma yana samuwa a manyan birane.

Amma babban magani shi ne jama'a. Wani zai ce karatu ya kai shi, ba zumunci ba, kuɗin guzuri kuma ba su isa yawo ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ɗakin karatu na jami'a yana da ɗumi kuma ba a biyan ko kwabo, wanda ya yini a can ya rage kuɗin wuta a masauki. Babban masallacin Edinbara, wanda aka buɗe a 1998, yana dab da jami'a. Ƙungiyoyin ɗalibai ƙofarsu a buɗe take. Rabin ilmin da aka tura mutum ya nemo yana bakin abokan karatu da maƙwabta, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai.

Magabatanmu sun nuna hanya. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946. Hunturun farkon 1947 yana cikin mafiya tsanani da Ingila ta gani a wancan ƙarni, kwal ya yi ƙaranci, aka riƙa ɗauke wutar lantarki. Duk da haka Malam Aminu ya shiga mutane, ya zauna da 'yan siyasar jam'iyyar Leba, ya komo gida da abin da ya fi takardar shaida.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya taro kowane watan Agusta, inda waɗanda suka komo za su zauna da masu shirin tafiya su gaya musu gaskiya ba rufa-rufa. Waɗanda ke can kuma su tari baƙo tun makonsa na fari, su leƙa shi in kwana biyu ba a gan shi ba. Wanda ya ji ƙunci ya daɗe masa ya je wurin likita, babu abin kunya a ciki. Kuɗin da aka kashe a kan kowane ɗalibi, na gwamnati ne ko na iyaye, amana ce, kuma asara ce babba ta salwanta a ɗaki mai rufaffen labule. Allah Ya kai su lafiya, Ya komo mana da su da ilmi mai amfani, amin.