Maganin tsinka jini ba na rigakafin kowa ba ne

Toshewar jijiyoyin jini ba taruwar kitse ce kawai ba. Idan kitsen kolestarol ya maƙale a bangon jijiya, ƙwayoyin garkuwar jiki su kan shiga su haɗiye shi, su cika, su mutu a nan, wurin ya kumbura. Ranar da kumburin ya fashe, jini ya daskare a kansa, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Daskarewar jini da kumburi tafiyarsu ɗaya. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ne kuma ke janyo ƙwayoyin garkuwa zuwa bangon jijiya, sinadarin trombin ma yana ƙara rura kumburin. Shi ya sa masana ke nazarin ko magunguna irin su asfirin da rivaroxaban na sassauta wannan wuta.

Sai dai wannan labari bai ba kowa lasisin sayen asfirin a tiren mai talla a kasuwar Maraɗi ko Damagaram yana haɗiya kullum ba. A gwajin COMPASS na 2017, mutum sama da 27,000 masu ciwon jijiya ne aka duba. Haɗa rivaroxaban kaɗan da asfirin ya rage bugun zuciya, shanyewar jiki da mutuwa da kusan kashi 24 cikin 100, amma zubar jini mai tsanani ta ƙaru. A 2018 kuma, gwajin ASPREE kan tsofaffi masu lafiya sama da 19,000 a Ostireliya da Amurka ya nuna asfirin ta kullum ba ta ƙara musu lafiya ba, sai zubar jini.

A nan gida haɗarin ya fi, domin da yawa suna yawo da hawan jini ba su taɓa awo ba. Tsinka jinin irin wannan mutum na iya kai shi ga zubar jini a ƙwaƙwalwa. Mai shan warfarin kuwa, yawan zogale ko alayyahun da yake ci na sauya ƙarfin maganin, dole sai da awon jini a kai a kai.

Ma'aikatar lafiya ta sa awon hawan jini ya zama kyauta a kowace cibiyar lafiya, ta kuma tsaurara sa ido kan maganin titi. Wanda likita ya rubuta wa maganin, kada ya daina da kansa. Wanda ba a rubuta wa ba, ya fara da awo.